Kada Ki Yi wa Dankali Doguwar Sallama

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da karenki Dankali. Ya tsare fitarki da shigarki a garin da ba ki san kowa ba, ya haɗa ki da maƙwabta masu haƙuri. Babanki ya kira ni daga hanya, ya ce kun tsaya sau biyu don karen ya sha ruwa, ke kuma ko biskit ba ki sa a baki ba. Ki ci abinci, Rifkatu.

Na san za ki ce me ya hana ni turo saƙo ta waya kamar kowa. Na fara, na goge, na sake farawa, na ga maganar ta fi ƙarfin waya. Da gangan kuma na rubuta da Hausa. Ni na koya miki karanta ta a kan doguwar kujerar falo, da 'yan littattafan soyayyar nan nawa da kike yi wa dariya. Ki bi ta a hankali, ki ba ni amsa da Turancinki yadda kika saba, ba zan ji haushi ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sharaɗin mai gidan da kika kama haya a Leeds. Ya yarda ki zo da kare, amma ya ce ranar da maƙwabta suka kai masa ƙara kan haushi ko kuka, sai dai Dankali ya bar gidan. Saura kwana goma ki fara aiki a asibiti, ki riƙa fita kina barinsa shi kaɗai a ɗakin da hancinsa bai saba da shi ba. In ta kai ga haka za mu karɓe shi, wannan ba sai an faɗa ba. Amma na san matsayin karen nan a wurinki. Babanki ya gaya mini bayan rasuwar mamanki ya kawo miki shi, lokacin da kika daina magana da kowa, kuma da shi kika fara magana kafin mutane. Ba na so ki dawo daga aiki ki buɗe ƙofa ba mai tarbarki. Shi ya sa zan gaya miki kurakuran da na yi da shi, har da waɗanda ban taɓa faɗa miki ba.

Ina da shekara ashirin da uku na zo gidan nan amarya, ke kina da sha huɗu. Akwati biyu na taho da su daga Kafanchan, ɗaya tufafi, ɗaya littattafai. A cikin littattafan, in aka kai amarya ƙasar waje, gida mai furanni take tararwa, miji na zaune a gefenta ba shi da aiki sai kallonta. Ni kuwa ɗan sashen gidan bene na tarar a hawa na uku a bayan Old Kent Road, miji yana fita da sassafe tuƙin bas, yarinya tana amsa gaisuwata da kai, ga ɗan kare mai launin ƙasa a miƙe kan kujera kamar shi ne mai gidan. A gidanmu ma akwai kare, amma a tsakar gida yake kwana, ya ci ragowar tuwo, ya yi gadi. Ban taɓa ganin ranar da aka bar shi shi kaɗai ba. Ko an tafi gona akwai kaka, akwai awaki, akwai masu shigowa ɗiban wuta. Ban san kaɗaici yana kama kare ba, don ban taɓa zama a gidan da yake zama ba kowa ba. Dankali ma bai sani ba, don kafin zuwana gwaggonki ce take zaune da ku, ita kuwa ba ta zuwa ko'ina.

Ranar da na fara fita ni kaɗai, sayen doya da manja, sai na ja shi na kulle a banɗaki don kada ya hau mini gado. Awa biyu na yi ina leƙa shaguna. Da na dawo na tarar ya kankare ƙasan ƙofar har farin katako ya fito, farcensa ɗaya ya tsage, ga jini a kan tayil. Na wanke jinin da sauri, na ce miki a matakala ya ji ciwo. Ƙarya na yi miki. Babanki ya ga ƙofar, ya sayo fenti ya shafe.

Don haka kada ki kulle shi a wurin da bai sani ba, komai ƙanƙantar fitar. Ki bar shi ya shinshina gidan kusurwa-kusurwa. Inda kika ga yana yawan kwanciya, nan za ki ajiye masa katifarsa, ko da wurin bai yi miki kyau a ido ba. Ki riƙa ba shi abinci a nan, ki zauna kusa da shi a nan kina danna wayarki, har wurin ya zama nasa tun kina gida. Ki rufe labulen da ke kallon titi, don in yana hango masu wucewa zai yi ta tsammanin ke ce.

Maganar littafin kuwa kin sani, don a gabanki ta ƙare. Littafi ne mai kashi uku, labarin wata yarinya mai ɗinki da saurayinta da ya tafi neman aiki bai dawo ba. Na zo da na ɗaya da na biyu. Na ukun wata biyar na jira shi, sai da ƙanwata ta samu mai zuwa ta ba ta ta kawo mini. Shafi huɗu kawai na karanta, lokacin taron zumuntar mata ya yi, na kife shi a kan kujera na tafi coci. Duk waƙar da aka yi ranar hankalina yana kan littafin. Na dawo na buɗe ƙofa, sai ga takardu warwatse a falo kamar an fige kaza. Dankali ya taho da gudu yana kaɗa wutsiya, ni kuma na cire silifas.

Sau uku na dake shi. Ya shige ƙarƙashin tebur yana rawar jiki, daidai lokacin kika shigo da kayan makaranta. Ba ki yi mini tsawa ba. Kika durƙusa kika jawo shi, kika ce da Turanci, ba ki ko kalle ni ba: "Anti, bai san abin da ya yi ba. Abin da ya sani kawai shi ne kin dawo, kin dake shi."

Mako guda ba ki yi mini magana ba. Ni kuma na daɗe kafin na gane gaskiyarki. Bayan ranar, in ya ji makullina a ƙofa sai ya rasa yadda zai yi, ya zo ko ya ɓuya. A da tafiyata kawai yake tsoro, na ƙara masa da tsoron dawowata. Daga baya na lura ba komai yake taunawa ba. Takalmina, ɗankwalina, littafin da na riƙe a hannuna. Abin da ke ɗauke da ƙamshin jikina yake nema.

Rifkatu, za ki dawo wata rana a gajiye, ƙafafunki na zogi, ki tarar ya yi fitsari a kafet ko ya yage miki matashi. Ki ajiye jaka, ki ɗauko tsumma, ki goge, ki yi shiru. Sunkuyar da kan da yake yi ba nadama ba ce, tsoro ne. Ki kwashe duk abin da ba ki so a taɓa kafin ki fita, ki bar masa tsohuwar rigar da kika kwana da ita. Har yau ban san ko saurayin mai ɗinki ya dawo ba. Na sa an nema mini littafin a kasuwa sau biyu, ba a samu ba.

Abin da na yi bayan wannan ya yi kama da kirki, amma shi ya fi ɓata shi. Kunya da tausayi suka sa na daina fita. Gaskiya kuma ba don shi kaɗai ba ne. Ni ma ba ni da kowa. Babanki ya fita, ke ki fita, gida ya yi tsit, sai ƙarar bas daga babban titi. Sai in tsaya a taga ina tunanin a wannan lokacin mamata tana surfe, ƙannena suna faɗa kan wanke-wanke. In juya in ga Dankali a bakin ƙofa ya ɗora haɓa a ƙasa yana kallon tsagar da haske ke shigowa. Mu biyu aiki ɗaya muke yi. Sai na fara kiransa kan kujera ina karanta masa littattafaina da ƙarfi, har da canza murya in an zo wurin uwar miji. Labarin da ya cinye ƙarshensa kuwa, kullum da irin ƙarshen da nake ƙirƙiro masa. Wata rana saurayin ya dawo da mota, wata rana ya dawo da ƙafa, wata rana ita ta bi shi.

Cikin wata biyu ya zama inuwata. In shiga kicin yana ƙafata, in shiga wanka yana kuka a bakin ƙofa. Ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye miki ba, don a ƙasar nan shi ne farkon wanda ya nuna ba ya iya zama ba ni. Amma ranar da na samu aikin rabin yini a kicin ɗin makarantar yara, sai abin ya dawo mana duka.

Ke ma za ki so ki manne masa a kwana goman nan, don ke ma baƙuwa ce. Ki yi haƙuri ki rage. Ki shiga ɗaki ki tura ƙofa minti ɗaya, ki fito kamar ba komai. Ki bar shi ya yi barci a katifarsa kina ɗayan ɗakin. Yana bukatar ya san akwai zaman da ba ya ganinki kuma duniya ba ta tashi ba.

Yanzu ga babbar maganar, wadda saboda ita na ɗauki biro.

Kin san mu ba ma fita haka kawai. A gida in mutum zai je ko kasuwa ce, sai ya bi ɗaki-ɗaki: na tafi, sai na dawo. A ce a dawo lafiya, a gaida mutanen can, Allah ya tsare hanya. A raka shi bakin ƙofa, a tsaya a sake sabuwar hira, a raka shi bakin titi. Ranar da zan taho, mutum fiye da goma suka raka ni tasha, mamata ta riƙe ƙofar motar har direba ya yi magana. Wanda ya fita ba sallama, ko fushi yake yi ko ba shi da tarbiyya. Da wannan na tashi, shi na kawo wa Dankali.

Kullum kafin in tafi aiki sai in durƙusa a bakin ƙofa in rungume shi. "Dankali, na tafi. Ka yi haƙuri ka ji? Ba zan daɗe ba. Allah ya tsare mini kai." In fita, in ji ya yi ƙara, in sake buɗewa in sake lallashi. Wata rana har sau uku. In na dawo kuma a yi ta murna, ina gajiya, yaya zaman gida, ka yi kewata, shi yana tsalle ni ina tsalle. A raina ina cewa aƙalla ya san ban tafi cikin fushi ba.

Kin tuna Hajiya Memuna ta ƙasanmu, mai keken ɗinki, da Hausarta ta Kumasi wadda kowa namiji ne a cikinta. Har gobe Amariya take kirana. Ita ta tare ni a matakala da safiyar wata Litinin, tef ɗin awo a wuya.

"Amariya, kare naka zai kashe ni. Kai ka tafi, shi ya fara. Awa uku yana kuka kamar an yi mutuwa. Na yanka yadin mutane a karkace saboda shi."

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wallahi ina lallashinsa kafin in fita."

"Ina ji ai. Duk ina ji ta silin. Kai da shi ban san wa ya fi wani ba. In bai daina ba zan rubuta wa council, hukumar unguwa, na gaya maka gaskiya."

Na tafi aiki. Ban gaya muku ba, daga ke har babanki. Ina yankan karas ina tunanin yadda zan kalli idonki in aka ce a fitar da shi.

A makon ne aka kira ni daga makarantarku aka ce kin faɗi a filin wasa, hannunki ya kumbura. Ina tsaye a kicin ɗin gida lokacin, Dankali yana cin abinci. Na zari jaka na fice, ko ɗankwali ban ɗaura ba, ban ko tuna da akwai kare a gidan ba. Sai yamma muka dawo da hannunki a naɗe. Hajiya na jiranmu a ƙofarta, na ce a raina yau kam ta rubuta wa council.

Ta ce, "Yau ina ka kai kare?"

Na ce yana ciki.

"Ya yi haushi kaɗan, ya yi shiru. Na ɗauka ka tafi da shi." Ta kalle ni sama da ƙasa. "Yau ba ka yi masa wa'azin nan naka ba ko?"

A tsaye a matakalar nan na gane. Sallamata ce take gaya masa wani mugun abu zai faru. Mutum ba ya rungume ka yana rawar murya don zai je sayen burodi. Ni da kaina nake kunna masa tsoron, sannan in ja ƙofa in bar shi da shi.

Daga nan na fara koyon fita ba sallama, kuma ban taɓa yin abin da ya yi mini wuya kamarsa ba. Na lura tun kafin in kai ƙofa yake fara haki: in na ɗauki makulli, in na sa takalmin aiki, in na ɗauko rigar sanyi. Sai na riƙa ɗaukar makullin ina zama in sha shayi. In sa takalmi in je in wanke kwanuka. In sa rigar sanyi in kwanta a kujera. Kin tarar da ni haka wata rana kika tambayi babanki ko Anti lafiya. Sai da abubuwan nan suka daina ɗaga masa kunne, sannan na fara fita.

Ba ni da agogon hannu, don haka da littafi na riƙa auna lokaci. In fita in zauna a matakala in karanta shafi ɗaya, in koma ciki tun bai fara kuka ba, in wuce kicin ban kalle shi ba. Sai ya natsu in shafa kansa. Washegari shafi biyu. Ranar da na yi gaggawa na tsallaka zuwa shafi goma, ya fashe da kuka, dole na koma uku. A wurin aiki na roƙi hutun mako biyu don kada in riƙa rushe abin da nake ginawa. Hajiya ce alƙali. Ita da ba ta yarda kare ya taɓa ko gefen zaninta, ita ce take kashe keke ta kasa kunne, in na sauko ta ce, "Yau ya kai babi guda," ko ta ce, "Koma baya, Amariya, ka yi sauri." Ranar da na gama littafi sukutum a wurin shan shayin kan kwana, na dawo na tarar da shi yana barci, sai da na shiga banɗaki na yi hawaye, don kada ya gani.

Ya iya wannan karatun, amma a gidan nan ya iya shi. A sabon wuri sai kin maimaita masa daga shafi na ɗaya. Ki fara gobe, kada ki jira jajibirin aiki. Ke ba ki da Hajiya, sai ki jingina tsohuwar wayarki tana ɗaukarsa, ki ga me yake yi bayan fitarki. Kafin kowace fita ki zaga da shi sosai, ki bar shi ya shinshina duk abin da yake so, ya yi bayan gida, ya gaji. Ki cusa masa abincinsa a cikin robar nan mai rami da na sa a aljihun jakarsa, ki ba shi, yana fama da ita ki fice. Ki bar rediyo ƙasa-ƙasa, tashar da ake hira. Ya saba da muryar mai karatu.

Aikinku na asibiti kuma doguwar rana ce. Duk iya karatunsa, ba karen da zai wuni tun safe har yamma ba wanda ya buɗe masa ƙofa, balle shi da ya fara tsufa. Ki nemi mai fitar da shi da tsakar rana tun yanzu. Ni girman kai ya sa na yi wata da watanni ban ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba, ashe taimakona yana ƙarƙashin ƙafata yana ɗinki. Ki gaida maƙwabtanki tun kafin su ji kukansa, ki gaya musu kina koya masa zama, ki ba su lambarki. Wanda aka gaisar da shi yakan kira ka kafin ya kira mai gida. In kin yi duk wannan bai lafa ba, ko ya daina cin abinci, ki kai shi wurin likitan dabbobi, ba gazawa ba ce.

Saura abu ɗaya. Na ga yadda kika tsaya a ƙofar kicin yau da safe, jaka a kafaɗa, igiyarsa a hannu, kina jira in juyo. Ni kuma na ci gaba da wanke tukunyar da na riga na wanke, na ce, "To, sai kun isa," kamar shagon kan kwana za ki. Ban raka ki mota ba. Na san ya yi miki ciwo. Ki yafe mini. Dankali yana kallonmu, in da na rungume ki da na fashe, ke ma ki fashe, shi kuma ya shiga sabon gida da wannan a ransa. Shekara takwas ina koyon fita ba sallama, ban san ranar da zan fi bukatarsa ita ce ranar da ni za a bari ba.

Da na ji motar ta tashi, na zo na zauna a bakin ƙofa, daidai inda yake ɗora haɓarsa. Ban san tsawon lokacin da na yi ba, sai na ji ƙwanƙwasa. Hajiya ce, da kofin shayi a hannu.

"Amariya, na ga kare ya shiga mota da idona. To wa ke kuka a sama?"

Ta zauna da ni har azahar ta yi, ta sauka ta yi salla. Ta ce gobe in fara da shafi ɗaya.

A cikin ƙunshin nan akwai tsohon zanina na zumunta, ban wanke shi ba, ki shimfiɗa masa a katifa. Rigar sanyinki mai ruwan toka kuma kin manta da ita a bayan kujera. Kada ki neme ta, ba zan aiko ba.

Ubangiji ya tsare ki a hanya da wurin aiki, ya sa hannunki ya zama sauƙi ga marasa lafiya, ya ba Dankali barci mai daɗi a bayanki. Duk ranar da kuka zo hutu, shi za mu shigo da shi shiru yadda ya kamata. Ke kuwa ki shirya, tun daga tasha zan fara murnar taryarki.

Taki har kullum,
Anti Saratu